Babu Bahago a Fagen Dungas

…wannan ma dama. Goma sha ɗaya ke nan. Bari ya sake ƙirgawa, ko ido ya tsallake wani. Dogon nan mai jan wando, dama. Na kusa da shi mai layu a damtse, dama. 'Yan Waca su uku, dama, dama, dama. Duk ɗan damben da ya zo Dungas yau hannun dama ya ɗaure. Ko bahago ɗaya babu. To.

Muttaƙa na zaune bisa buhun gyaɗa a rumfar 'yan wasa, ran kasuwa, la'asar ta fara sanyi. Jibo, ɗan wan babansa, na durƙushe gabansa yana ɗaure masa hannu — tsumma tukuna, sannan zare, zagaye bisa zagaye, har dunƙulen ya koma kamar kan taɓarya. Shekara goma sha huɗu Jibo ke wannan ɗauri, shekara goma sha huɗu kuma ba a taɓa kai Muttaƙa ƙasa ba. A dambe ba sai rai ya fita ake cewa an yi kisa ba; gwiwa ta taɓa rairayi, ko tafin hannu, shi ke nan an kashe ka, ka kakkaɓe wando ka kama hanyar gida. Shi bai san ɗanɗanon rairayin fage ba. Daga nan sunan ya fito, Tsayayyen Sassumbrum. Suna mai kyau. Yamma ɗaya ta ishe shi lalacewa.

Kuma idon hagu ya mutu. Shekara biyu ke nan. Ba wanda ya sani.

Ba a ganin komai daga waje, nan ne Allah ya rufa asiri. Idon na nan fes, yana juyawa tare da ɗan'uwansa, kamar ma'aikacin da aka sallama amma kullum yake sa riga ya tafi buro, wurin aikin. A ƙetaren iyaka abin ya faru, wani gidan dambe wajen Kano, naushi ɗaya a saman gira — shi ne ma ya ci wasan, har aka ɗauke shi a kafaɗa. Washegari sai wasu 'yan baƙaƙen ƙudaje suna iyo a cikin idon. Ya ce gajiya ce. Sati biyu, labule ya fara saukowa daga sama. Ya ce zai wuce. Aka ba shi kwalli mai addu'a a Magaria, ya sa, ya yi kyau ƙwarai.

Likitan Damagaram mai farin gilashi, da 'yar fitilarsa… "Wata 'yar fata ce a can bayan idon ta ɓalle. Da ka zo a satin farko…" A wata na huɗu ya zo. "Wace sana'a kake?" Mahauci. Ba ƙarya ya yi ba. Ubansa mahauci, kakansa mahauci, shi ma ya iya fiɗa in ta kama. "To, mahauci, ka saurare ni. Na daman ma ya fara tsagewa a gefe. Bugu ɗaya mai kyau a kai, zai bi ɗan'uwansa. Ko ƙofa kada ka bari ta buge ka."

Ƙofa dai ba ta buge shi ba, alhamdu lillahi. Yana kiyayewa sosai da ƙofofi.

"Matse?"

Jibo ne. Ya ɗaga masa kai. Matse. Zaren na cin tsintsiyar hannu, yatsu sun fara mutuwa a ciki, haka ake so.

Lissafin ba wuya, ko wanda bai je lakwal ba zai yi shi, balle shi da ya kai aji shida kafin wuƙa ta kira shi. Mai ɗaure dama, naushinsa ta hagunka yake zuwa. Bahago, ta damanka. Hagu duhu, dama haske. Saboda haka bahagwai. Al'adar fage ce ta cece shi: ba a rubuta wa kowa abokin karawa, kai ne za ka zaga, ka duba, ka miƙa wa wanda kake so dunƙule, in ya yarda a haɗa ku. Babba kuma shi ke fara zaɓe. Shekara biyu yana zagawa yana wuce masu dama kamar bai gan su ba — wani lokacin da gaske bai gan su ba — ya je ya tsaya gaban bahago. Shi kuwa bahago kowa gudunsa yake a fage, hannunsa ta inda ba a saba ba yake fitowa. Sai mutane suka ce kai, wannan mutum da zuciya yake. Ya rasa wanda zai nema sai bahago. Har makaɗi ya ƙara a cikin takensa: mai karin kumallo da bahagwai. Ya sauya tsayuwa, ya riƙa juyo da fuska gaba ɗaya don idon kirki ya samu hanya — suka ce sabon salo ne. Samari a Sassumbrum suna kwaikwayo. Masu ido biyu lafiyayyu, suna tsayuwar mai ido ɗaya, ana zubar da su kamar buhunan gero.

Yau babu. Ina Bahagon nan na Maraɗi, mai haƙorin azurfa? Ina ɗan gajeren nan da ake kawowa daga ƙetare? Kullum akwai ɗaya, wani lokaci biyu. Kullum. Bai taɓa tambayar kansa me ya sa kullum ba…

Amsa-kuwwa ta ƙwaƙule maƙogwaro. Mai sanarwa, tsohon mushe ne, malamin lakwal, da ya bar alli ya kama mikuro, yana jan harafi kamar mai kiran sunayen 'yan aji: tauraro, tauraron taurari, wanda ƙasa ke marmari ba ta samu ba. Tauraro. Kalmar ta yi arha yanzu, ko mai gyaran baburan kabu-kabu in ya iya ɗaga ƙafar gaba tauraro ne.

Maigida, kai ba haka kake faɗa ba. Sharifu, Sarkin Fawan garinsu, wanda ya fara ɗaure masa hannu yana ɗan shekara goma sha tara, a bayan mahauta, jini na bushewa a ƙasa, angulaye na jira a kan katanga. "Iya duka ba shi ne ba. Jaki ma ya iya harbi. Ɗan dambe na gaske, in aka ce ya sauka a gari, mai shayi zai rufe teburinsa ya tafi kallo, ya bar madara a buɗe." Ka faɗa, Maigida. Abin da ba ka faɗa ba shi ne me mai shayin yake zuwa gani. Kai ma an rufe maka tebura a zamaninka, daga nan har Daura. Sannan hannun ya fara rawa. Sannan harshe ya yi nauyi. Shekara biyar ɗinka na ƙarshe a bakin mahauta kana korar ƙuda daga naman wasu, da reshen dogon-yaro, wuƙa ta gagare ka riƙewa. Ran jana'izarka sahu biyu aka yi, na biyun bai cika ba. Mai shayi bai rufe ba. Ya dai rage rediyo.

Kalangu. Takensa ne, daga bugun farko ya san shi, cikinsa ya riga kunnensa ji. Jiki ya miƙe da kansa, ba a shawarce shi ba. Kullum haka — tsoro na zaune a kan buhu, ƙafafu sun riga sun shiga fage.

Mutane… yau mutane sun yi yawa. Zanar da aka kewaye filin da ita har ta kwanta ta gabas, wasu a kan motar hatsi, wasu a kan bishiyar bedi. Ba a taɓa cika masa fili haka ba, ko lokacin da yake kisa biyu a yamma ɗaya. Ya kamata ya ji daɗi. Yana ɗaga dunƙule, yana taka rawar da aka san shi da ita, taku uku da tsayawa, wani ya manna masa takarda a goshi, gumi ya riƙe ta. Yana zagawa. Wa zai miƙa wa hannu? Dama, dama, dama. Wataƙila mai jan wandon, ya ga kamar ƙafarsa na da nauyi. Ko ya zaga sau biyu ya koma rumfa, a ce yau Tsayayye bai ga sa'ansa ba, an taɓa yin haka, ba abin kunya —

Dunƙule a gaban hancinsa.

Daga ina? Daga hagu, ina kuma. Bai ga zuwansa ba sai da ya iso. Kamalu na Waca, ɗan shekara ashirin da biyu, kafaɗa kamar ƙofar rumbu, kisa tara a jere tun farkon kaka. Hannun dama. Ya miƙo, ya tsaya, idonsa a ƙasa. Ƙarami ya nemi babba a gaban jama'a. Ba haramun ba ne. Ba a dai cika yi ba sai an sa mutum.

Ana iya ƙi. Kowa na ƙi. Girgiza kai ne kawai, sau biyu, ka wuce. Ya ga manya sun yi, ya ga wanda ya ƙi mutum shida a yamma ɗaya ya tafi gida da haƙoransa cif. Ɗan dambe na iya ƙi. Tsayayye ne ba ya iya ƙi. Wannan ne bambancin, ashe? Shekara goma sha huɗu ana gina mutum har a kai shi inda wuyansa ba ya juyawa gefe, sai sama da ƙasa?

Ya ɗaga kai. Fili ya ɗauka.

Abdoul Razak na zaune a kujerar roba ta gaba, mai shirya wasan, mai shagon kayan babur a Magaria, shadda ruwan ƙwai, waya biyu a cinya. Bai yi tafi ba. Yana duba wani abu a tafin hannunsa. Satin jiya, a shagonsa, ƙanshin turare da baƙin mai — "Yaya Muttaƙa, zamani ya juya. Yanzu ba a fage ake yin tauraro ba, a waya ake yin sa. Bidiyonka ba ya tafiya. Mutum ya tsaya turmi uku bai faɗi ba, bai kayar ba, wa zai tura wa abokinsa wannan? Ko ni da nake ƙaunarka ba na kai ƙarshe." Ya yi dariya, shi ma Muttaƙa ya taya shi. Gaskiya ce. Rabon da ya yi kisa, damina biyu. Mai ido ɗaya ba ya auna nisa; ka kai hannu, mutumin na can bayan inda ka zata. Tsayuwa kawai yake sayarwa. "Amma kada ka damu, Dungas za ta cika. Na yi maka alkawari."

Ta cika. Mutum ne mai cika alkawari.

Alƙali ya busa. Turmin farko.

Hannun hagu a buɗe a gaba, garkuwa. Na dama a baya, a ɗane. Ƙafa. Ka kalli ƙafa, ƙafa ba ta ƙarya, kafin hannu ya taso sai diddige ya ɗaga. Kamalu na takawa… ba gaba ba. Gefe. Hagu. Ya juya ya bi shi. Hagu kuma. Ya juya. Kamar jakin da ke zagaya turke, shi ne turken. Rabin Kamalu ya ɓace, kafaɗar dama ta shige duhu, hannun da ke da aikin yana can inda babu komai, babu baƙi ma, mutane na zaton makaho baƙi yake gani, a'a, babu ne kawai, kamar abin da ke bayan ƙeyarka — sunkuya. Iska ta wuce bisa kai. Wa ya ce masa ya sunkuya? Juya. Juya. Na biyu ya samu kafaɗa. Na uku —

Kunne. Ƙara kamar an saki farantin tasa a kan siminti. Gwiwa ta lanƙwashe, ta yi shawara, ta fasa. Ido. Idon dama, yana nan? Ga alƙali, ga bedi, ga shadda ruwan ƙwai. Yana nan. Wasu 'yan tartsatsi a gefe, kamar ana walda a nesa. Da ma akwai su? Da safe akwai su?

Busa. An raba.

Jibo da buta. Ruwa a ka, ruwa a baki, ya furzar, ja-ja. Jibo na matsa masa wuya, bakinsa kusa da kunnen da ke ji.

"Kada ka bi shi da juyi, zai gajiyar da kai. Ka tare shi. Taka dama, ka ajiye shi a idon da ke gani."

A idon da ke…

Ruwan na bin ƙirjinsa. Kalangu na can yana abinsa.

"Yaya Jibo. Tun yaushe?"

"Ran sunan Nazifa. Na miƙo maka hannu ta hagu, ka bar ni tsaye kamar mai tsai da taksi."

"Wa kuma ya sani?"

Jibo na duba zaren, yana tura wani bakin da bai fita ba.

"Sha ruwa."

Ran sunan Nazifa. 'Yarsa, tana gudu yanzu, tana kiran sunan akuya. Wata ashirin ke nan, ko fi. Wata ashirin Jibo na tafiya ta damansa a hanya, shi yana cewa a ransa sa'a ce. Hinda, matarsa — kwanon tuwo kullum ta dama, buta ta dama, in za ta yi magana sai ta zagayo, ya ɗauka ladabi ne ya ƙaru da haihuwa. Ta mai da shimfiɗarta ɗaya gefen gadon, ta ce zafin bango. A watan sanyi. Randar da ke bakin ƙofa ta hagu, wadda ya yi karo da ita sau biyu, wata safiya ya tashi ta koma bayan ɗaki, ba wanda ya ce komai. Da ya ce mata zai je Damagaram sayen wuƙaƙe, ya dawo ba wuƙa, ta ce sannu da hanya, ta kawo fura. Makaɗi. Makaɗi ma, in zai yi masa kirari sai ya zagayo dama da kalangunsa, tsoho da ciwon ƙugu, ya zagayo… Mai karin kumallo da bahagwai. Da wace fuska ya tsara wannan? Yana dariya a ciki? Ko tausayi ne, wanda ya fi dariya muni?

Bahagwai kuma ba daga sama suke faɗowa ba. Wani ke kiran su a waya. Wani ke sa su a mota daga Maraɗi, daga ƙetare, kowane wasa, ɗaya ko biyu, a ajiye masa kamar yadda ake ajiye wa tsoho nama mai laushi. Wanda ya san ya kawo su, ya san ya bar su a gida.

Asirin da ya riƙe da haƙori shekara biyu, har sallar dare yana roƙon a rufa masa. Ashe gari guda ke taya shi riƙo. Shi kaɗai ne bai san an sani ba.

To su wa ya ci? Bahagwan nan, su ma an gaya musu? A taɓa shi a hankali, a bar shi tsaye, ana bukatarsa tsaye tukuna? Mai haƙorin azurfa da ya yi masa murmushi a turmi na uku bara, ya sauke hannu alhali ga hanya a buɗe… ya ɗauka tsoro ne. Ya je gida ya gaya wa Hinda, yau na ga tsoro a idon bahago. Ta ce Allah ya ƙara rufa asiri.

Busa. Turmi na biyu.

Taka dama. Ya taka. Kamalu ya dawo cikin haske, duka jikinsa, har zufar da ke gemunsa. Yaro ne mai kyau, wallahi. Tsayuwar — fuska gaba ɗaya a juye, ƙafar baya a karkace. Tsayuwarsa ce. Shi ma ya kwaikwaya, sai dai shi ta karɓe shi. Ya kai masa ɗaya, hannun ya wuce ta gaban hanci da tazarar yatsa huɗu, fili ya yi ihu kamar ya samu. Ba su duba ba. Ba wannan suka zo gani ba.

Can bayan Kamalu, wayoyi. Sun taru wuri guda, masu ɗaukar bidiyon Abdoul Razak, su uku, da na jama'a bayansu kamar garke a bakin rijiya. Ba su warwatsu ba yadda suka saba. Duk ta damansa suke, a tsugunne, wayoyin ƙasa-ƙasa. In aka bugi mutum ta hagu, ta dama yake faɗuwa. Sun zaɓi wuri mai kyau, rana na bayansu. Aikin masu ilimi.

Ƙirji ya haɗu da ƙirji, an sarƙe, garkuwa cikin garkuwa, warin zufa da man zafi. Bakin Kamalu a kafaɗarsa.

"Baba, an ce in zauna a hagunka. Ka ɗaga hannu a raba mu, don girman Allah. Hotonka ne a ɗakina."

"Yi abin da ya kawo ka."

"Baba…"

"An ɗauko ka a mota don ka yi mini wa'azi?"

Alƙali ya shiga tsakani, ya tura kowa baya.

Ɗaga hannu. Akwai wannan ma. Ɗan dambe na iya ɗaga buɗaɗɗen hannunsa sama a tsakiyar turmi, alƙali ya busa, a raba, ba kisa. Gwiwa ba ta taɓa ƙasa ba. A takarda, in da akwai takarda, Tsayayye na nan tsaye. Sai dai mutum dubu sun gani, da wayoyi, gobe war haka an gani a Kano: ya nemi a raba. Ba za a zage shi ba. Da zagi ne da sauƙi. Za a gaishe shi a kasuwa da murya ƙasa-ƙasa, a ba shi kujera, a ce ai ka yi naka. Ya koma teburin fawa da ido ɗaya, ya ga Nazifa ta shiga lakwal, ya ga kalar rigarta. Ido ɗaya ya isa yankan nama. Ya isa zare ƙaya daga ƙafar yarinya. Mutane da yawa suna rayuwa a haka, ba a buga musu kalangu, kuma ba a ji sun mutu ba.

In kuwa ya tsaya… in ya faɗi yadda ake so, da ƙarfi, fuska a rairayi, ƙafa a sama — to wannan bidiyon zai tafi. Abdoul Razak bai yi ƙarya ba. Za a san sunansa a garuruwan da bai taɓa takawa ba, har waɗanda ba su san dambe ba. Shekara goma sha huɗu na tsayuwa ba su kai shi Yamai ba, daƙiƙa huɗu na faɗuwa za su kai shi har inda ba a jin Hausa. Shi ne abin, Maigida? Iya duka ba shi ne ba, ka ce. Rashin faɗuwa ma ba shi ne ba. Ana kiwon ka ne. A ba ka dusa, a ba ka suna, a hana kowa taɓa ka, har ranar da kallon faɗuwarka ya fi kallon tsayuwarka tsada. Ɗan mahauci ne shi, ya san yadda ake yi da ragon da aka fi so.

Haƙarƙari. Bai ga wannan ba ma. Numfashi ya tsaya a rabin hanya. Tartsatsin gefen ido sun ƙaru, ga wani ɗan baƙin abu yana iyo, ɗaya tak, ƙarami, kamar ƙuda… ƙuda ne na gaske? Filin kusa da mahauta yake. Zai iya zama ƙuda.

Busa.

Jibo ya zo da buta. Ruwa kawai. Ya goge masa fuska. Can ya ce, "Hinda ta ce in gaya maka ta jiƙa gero." Shi ke nan saƙon. Ta jiƙa gero, za a yi fura, ana jiran mutum ya dawo ya sha, ya ga ƙwaryar da idonsa.

Ya miƙe kafin a busa. Don me? Ƙafafun nan ba sa tambaya.

Turmi na uku. Rana ta sauka kan zana, inuwar mutane ta miƙe har tsakiyar fage. Kamalu ya shigo, ya daina kallon ƙasa. Ya roƙa, an ƙi, ya fita hakki. Taka dama — ƙafar ta yi nauyi, ta makara. Kamalu ya riga shi. Kafaɗa ta ɓace. Rabin fuska ya ɓace.

Wani abu ya canza, ba a fagen ba. Mene ne? Kalangu ya yi shiru, amma ba shi ba ne. Mutanen… ba sa numfashi.

Sai yanzu ya gane wanda ke ce masa ya sunkuya. Ba laya ba ce, ba gwaninta ba. Su ne. Duk lokacin da hannu ya taso daga duhu, kafin ya iso, fili kan ja numfashi, hhh, mutum ɗari, mutum dubu, baki ɗaya, ba da niyya ba, tsoron kada a taɓa nasu — shi kuma jikinsa ya ji ya kauce. Yau ma a turmin farko sun ja masa. Su ne idonsa na hagu. Aro suka ba shi, ba su ma san sun bayar ba.

Yanzu tsit. Kowa ya riƙe wayarsa da hannu biyu kada hoto ya girgiza. Ba ƙiyayya ba ce, ko kusa. Ba su taɓa son sa kamar yanzu ba.

Kamalu ya shige gaba ɗaya. Babu shi. Fili cike da mutane, gabansa ba kowa, sai rairayi mai laushi da sawun ƙafafu, ya yi kama da wurin da mutum zai kwanta ya huta. Ya gaji. Tun yaushe ya gaji haka? Diddige na ɗagawa a wani wuri, ya sani, ba ya ji, ba ya gani…

Hannunsa na hagu na tashi. Yana jin sa yana tashi, buɗe, yatsu a ware, ya wuce kafaɗa — tarewa zai yi, ko alƙali yake kira? Ya kai ina? Ya shiga wajen da ba ya gani. Nasa hannun, kuma sai ya jira fili ya gaya masa.